Faranti Ɗari da Takwas

Sunana Ikilima. Wake da shinkafa nake sayarwa a bakin titi, ɗan gaba kaɗan da ƙofar jami'a a nan Wudil. Rumfar langa-langa ce, benci biyu, tukunya uku. A aji biyar na firamare na tsaya, shekarar da mahaifinmu ya rasu aka rasa mai taya Umma girkin sayarwa. Sauran abin da na sani a jikin buhunan taki na koya, da rubutun bayan manyan motoci, da rediyo, da wayar nan tawa mai fasasshen gilashi. Na faɗa tun da wuri ne don kada a ji ina lissafi a zaci wata ce.

Shago na uku daga rumfata na Mudassir ne. Da can fotokofi yake yi, kowa ya san shi da Mudassir mai fotokofi. Sai ya je Abuja wata semina ta kwana uku, ya dawo da takardar shaida a cikin gilashi. Ya sa aka buga masa ƙatuwar bana, irin ƙyallen tallan nan: Cibiyar Wayar da Kai Kan Harkokin Kuɗi. Injin fotokofin yana nan inda yake, an dai lulluɓe shi da zani. Ya sayi kujera mai juyawa, da tabarau marar magani, da kwat wadda ko a tsakiyar bazara ba ya cire ta. Ya ce daga yau Kwansoltan za a riƙa kiransa. Muka ce to. Ba mu san aikin kwansoltan ba, amma mun lura yana jin yunwa da azahar kamar sauran mutane.

Ranar farko da ya zo rumfata da kwat ɗin ya ce, "Ikilima, na yanke shawarar buɗe akawun da ke."

Na ce, "Ni ba banki ba ce, ranka ya daɗe."

"Kowane ɗan kasuwa banki ne, bai dai sani ba. Zuba mini da ƙwai. Ki rubuta, ƙarshen wata a warware."

Ni kuwa wauta ta sa na ji daɗi. A lokacin ɗalibai nake tsoron ba wa bashi, don ina ganin yaro mai silifa da jaka a baya zai iya ɓacewa ya koma garinsu. Mai kwat da shago da bana kuwa ina za shi? Ashe a juye abin yake. Ɗaliban nan, da zarar an turo musu kuɗi daga gida, rumfata suke fara zuwa kafin su sayi kati. Kwansoltan kuwa ƙarshen watansa bai taɓa zuwa ba. Faranti ɗaya naira ɗari takwas ne da mai da yaji da ƙwai ɗaya. Cikin wata huɗu ya ci ɗari da takwas. Dubu tamanin da shida da ɗari huɗu ke nan, na lissafa sau uku, sau ɗaya ma da tsinken ashana don kada in zalunce shi.

Shinkafar da nake dafawa ta Baba Ɗantani ce, wani dattijon manomi a Dagumawa. Tun zamanin da Umma ke riƙe da rumfar haka tsarin yake: ya kawo buhu ranar Juma'a in ya zo kasuwa, a sayar, in buhu ya kusa ƙarewa a biya shi, ya kawo wani. Babu takarda, babu sa hannu, shekara goma sha ɗaya ba a taɓa samun saɓani ba. Ni ce na ɓata. Duk buhu sai in ga giɓi, in cike da kuɗin adashina, har adashin ya ƙare. Wannan Juma'ar da Baba ya zo karɓar dubu casa'in ɗinsa, dubu uku da ɗari shida ne a ɗaure a bakin zanena.

Bai ɗaga murya ba. Baba Ɗantani ba ya ɗaga murya ko ga jaki. Ya zauna a benci ya tambayi lafiyar Umma, da ƙafarta, da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "'Yata, ba fushi nake ba. Amma ba na ɗora buhu a kan buhu. Ran da na ga na tsoho, ran nan sabo zai zo."

Da ya tafi na leƙa buhun. In na rage hannu, kwana goma sha biyu zai kai ni. Bayan nan sai in kife tukwane, kuma rumfar nan ita ce cinmu ni da Umma da yara uku.

Ranar Litinin na ɗauki littafin lissafina na nufi Cibiya. Akwai ɗalibai kamar shida suna jiran fotokofi, don an ɗage zanin injin ranar. Kwansoltan yana kan kujerarsa yana lilo hagu da dama.

"Ranka ya daɗe, ina wuni."

"Yas, Ikilima. Ya bizines?"

"Alhamdulillahi. Dama a kan lissafin nan ne. Mai shinkafa ya tsaya."

Ya miƙo hannu ya karɓi littafin da yatsu biyu, kamar wanda ya ɗauko mataccen ɓera, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a, ku duba nan. Wannan ita ce matsalar Arewa gaba ɗaya. Manja a shafi na ɗaya, manja a shafi na biyu. Ikilima, ina sa hannuna a nan? Ina hatimi? Ina ranar biya?"

"Cewa ka yi ƙarshen wata."

"Wane watan? Kin gani? A ilimin kuɗi, duk abin da ba a sa wa hannu ba, ba bashi ba ne. Fahimtar juna ce."

Na ce, "To fahimtar junan nake so a ba ni in kai wa mai shinkafa."

Wani ɗalibi ya tuntsire da dariya. Wannan dariyar ce ta ɓata masa rai. Ya cire tabarau ya nuna ni da shi.

"Kun ga illar rashin karatu? Yarinyar nan gode mini ya kamata ta yi. Duk mai abincin da babban mutum ke ci a wurinta a kan kiredit, darajarta hawa take yi a kasuwa. Tarihi nake gina mata, ba ta ma sani ba. Je ki wanke hannunki, ranar Asabar ki zo semina. Kyauta ce ga irinku."

Ya saki littafin, ya faɗi a ƙasa gefen takalminsa. Na durƙusa na ɗauka. A lokacin da nake durƙushen nan ne wata mai farin hijabi ta rufe baki tana dariya, shi kuma ya juya kujerarsa ya ba ni baya. Na dai kalli kujerar sosai.

Indo mai awara, maƙwabciyar rumfata, da ta ji labari cewa ta yi, "Ke Ikilima, wallahi ni ce da na tsaya a ƙofar shagon nan na tara masa jama'a. In kwance ɗankwali in ɗaura a ƙugu."

"In na yi ihu ai daɗi zai ji. Zai ce kun ga jahila."

"To sai ki bar masa?"

"Wa ya ce? So nake ya biya, kuma kowace naira ta fita da zafi."

Ina tsintar wake da yamma sai wani karatu ya faɗo mini, wanda na taɓa ji wani malami yana yi a rediyo. Wai idan kana bin wani, wani kuma yana bin ka, kana iya cewa mai bin ka ya je ya karɓa a wurin wancan, kai ka fita. Hawala ake ce masa. Lokacin da na ji ban ɗauka zai taɓa yi mini amfani ba. Washegari bayan la'asar na tari Malam Tasi'u, limamin masallacin bakin titi, na durƙusa na gaishe shi na tambaya.

Ya ce, "Haka ne, akwai shi. Ke ki yarda, mai bin ki ya yarda, shi kuma wanda kike bi yana wurin, ya amsa da bakinsa cewa akwai bashin, a gaban shaidu."

"To yardarsa fa, Allah gafarta Malam?"

"Ba a neman yardarsa."

"Malam, don Allah maimaita mini wannan."

Ya maimaita. Ban taɓa jin karatu mai daɗinsa ba.

Ranar Laraba na bar wa Indo rumfa na hau babur zuwa Dagumawa. Na sami Baba Ɗantani a gindin mangwaro yana tufkar igiya. Rani ne, an gama girbi, ba abin da manomi yake da shi da yawa kamar lokaci. Bayan mun gama gaisuwa, wadda ta kai tsawon dafa ƙwai, na zayyana masa komai, har da littafin da ya faɗi ƙasa.

Ya daɗe yana tufka kafin ya ce, "Yaron nan yana da shago?"

"Yana da shi, Baba."

"Shagon yana da inuwa?"

"Har da baranda."

"To na karɓa. Amma fa maganata tana nan. Bashinki zai sauka, sabon buhu kuwa sai na ji na tsoho a aljihuna."

Na ce na yarda. Saura abu ɗaya: yadda za a sa mutumin da ya ce babu bashi ya ce akwai, da bakinsa.

Ranar Asabar mata kamar ashirin muka cika bencinan Cibiya, masu ƙosai, masu fura, masu kayan miya. Kwansoltan da kansa ya gayyaci Malam Tasi'u ya buɗe da addu'a, don a ɗauki hoto. Baba Ɗantani ya shigo ya zauna a can baya da sandarsa. Kwansoltan ya ga tsoho ya yi murmushi ya ce ilimi ba shi da shekaru. An tayar da janareto, fanka tana juyawa, furojekta ta haska bango da manyan baƙaƙe: Bashi Tsani Ne.

Awa ɗaya da rabi ya yi yana magana. Ya ce duk wani attajiri da muka sani bashi ne ya yi shi. Ya ce wanda bai taɓa cin bashi ba, a idon duniyar kuɗi ba a ma haife shi ba. Ya ce mai bin bashi shi ne a ƙasa, tunda shi ke zuwa yana roƙo. Ya ce bashin waya ma, irin wanda ake danna-danna kuɗi su shigo, in ya yi nauyi sai ka cire layin ka goge manhajar, magana ta ƙare. Indo ta raɗa mini cewa ɗan yayarta ya gwada haka, aka tura hotonsa har wa surukansa da rubutu a ƙasa. Na ce ta yi shiru, ana karatu.

Da ya ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu. Na wanke shi tas da sabulu kafin in zo.

"Ranka ya daɗe, na gane karatun. Wato yawan bashin da aka yarda aka ba mutum shi ne girmansa?"

"Madalla! Kun ga har Ikilima ta fara fahimta."

"To shi ne muke gardama da Indo. Wai ita cewa take, duk garin nan babu wanda zai iya ba ka bashin ko da dubu goma."

Indo ta buɗe baki za ta ce yaushe, na taka mata ƙafa.

Kwansoltan ya yi dariya ya gyara wuyan kwat. "Ni? Ai ga misali a gabanku. Ikilima, ke kanki nawa ne kiredit ɗina a wurinki?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ban iya lissafi sosai ba. Kamar dubu talatin ne ko?"

"Talatin?" Har ya miƙe daga kujera. "Talatin kuma? Dubu tamanin da shida da ɗari huɗu! Na gani a littafin naki da idona. Faranti ɗari da takwas, ban ba da ko sisi ba, ba jingina, ba mai tsaya mini. Wannan shi ake kira amana a duniyar kuɗi. Ku rubuta."

Waɗanda suka iya rubutu suka rubuta.

Na juya na ce, "Allah gafarta Malam, an ji?"

Malam Tasi'u ya ce, "An ji."

"To Baba Ɗantani yana bi na dubu casa'in na shinkafa. Ga dubu uku da ɗari shida." Na kwance bakin zane na kai masa har baya. "Sauran tamanin da shida da ɗari huɗu na mayar da shi kan Kwansoltan. Baba, ka karɓa?"

Baba ya ce, "Na karɓa, 'yata."

Malam Tasi'u ya ce, "Shi ke nan, hawala ta ƙullu. Malam Mudassir, daga yanzu wannan dattijo ke bin ka, ba yarinyar nan ba."

Kwansoltan ya kalli Malam, ya kalli Baba, ya kalle ni. "Wannan ai ba tsari ba ne. Ban sa hannu ba. Ban yarda ba!"

"Ba a neman yardarka," in ji Malam, yana neman takalminsa. "Kai dai ka amsa, mutum ashirin sun ji. Allah ya ba da ikon biya."

Mata suka ce amin gaba ɗaya, da ƙarfi, har da masu shafa fuska.

Ranar Lahadi da hantsi, kafin Kwansoltan ya zo buɗe shago, Baba Ɗantani ya riga ya shimfiɗa buzunsa a baranda. Ya zo da buta, da ƙaramar rediyo, da goro a tsumma. Daga rumfata ina hango komai. Da Kwansoltan ya iso, Baba ya miƙa masa hannu biyu.

"Barka da asuba, ɗana. An tashi lafiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya mahaifiyar taka? Ya aiki? Ya zafin nan? Ya jama'a? To madalla. Madalla. Ina gajiya?"

Bai ambaci kuɗi ba. Har yamma bai ambata ba. Ya yi sallolinsa, ya ci abincinsa a rumfata ya biya, ya koma buzu. Abu ɗaya ne kawai: duk wanda ya zo shiga Cibiya sai ya gaida tsoho, ai dole ne, kuma in an gaishe shi sai a ce Baba lafiya kake zaune a nan? Shi kuma ba ya ƙarya.

"Lafiya lau. Ɗana Kwansoltan nake jira. Akwai 'yar amana tsakaninmu, ta dubu tamanin da shida da ɗari huɗu."

Ranar Litinin ya zo da abokansa biyu, don ya ba su labarin inuwar. Suka haƙa ramukan dara a gaban matakala suka yi ta bugawa. Ɗayansu ya zo da akuya da zai sayar ranar Juma'a, ya ɗaure ta a ƙarfen bana. Kafin la'asar ta cinye kalmar Kuɗi, ta fara Harkokin.

Ranar Talata Kwansoltan bai buɗe shago ba. Baba ya jira har rana ta take, ya naɗe buzu, ya tambayi hanyar gidansu. Indo ta raka shi har ƙofa don lada. An ce awa biyu ya yi a zaure yana gaisawa da mahaifiyar Kwansoltan ta bayan labule. Ita ma ta tambaye shi ko lafiya.

Da yammar nan ina wanke tukunya sai ga Kwansoltan ta bayan rumfa, ba kwat, ba tabarau. Ban taɓa lura idanunsa ƙanana ne ba.

"Ikilima, ƙanwata."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Ga dubu ashirin. Ki karɓa, ki ce wa tsohon nan ya koma gida. Sauran ƙarshen wata. Jibi ina da baƙi daga Kano, wata ƙungiya ce za ta ba Cibiya tallafi. Ba zai yiwu su zo su tarar da akuya ba."

Na kalli kuɗin. Sababbi ne, 'yan dubu-dubu. A buhuna kuwa abin da ya rage ba zai wuce gobe da azahar ba. Dubu ashirin za ta sayo mini shinkafar kwana uku a kasuwa, in ɗan numfasa. Har hannuna ya motsa cikin ruwan kumfa. Sai na tuna takalminsa, da littafina a gefen takalmin.

Na ce, "Ai ni ba na bin ka komai, ranka ya daɗe. Ni da kai fahimtar juna ce kawai."

Da na gaya wa Umma a gida sai da ta dafe kai. "Ke wace irin yarinya ce? Kuɗi a hannu ki ƙi karɓa? Zuciyar za mu dafa mu ci?"

Ranar Laraba da azahar na kankare ƙarshen tukunya na zuba wa wani ɗalibi. Ranar Alhamis, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ba a hura wuta a rumfarmu ba. Masu zuwa ci suna leƙowa suna wucewa wurin mai taliya a tsallaken titi. Na zauna ina kallonsu har na gaji. Da yake ba ni da aikin yi, da na ga Kwansoltan yana tara mata su cika benci don baƙi su ga yana da ɗalibai, sai na yafa mayafi na bi Indo.

Baƙin su uku ne a farar mota, shugabarsu wata mata mai littafi a hannu. Tana sauka ta ga dattijo a baranda, ta rusuna ta gaishe shi.

"Baba, kai ma ɗalibi ne a nan?"

"A'a, 'yata. Ni ne bankin."

Kwansoltan ya yi wata irin dariya mai ƙarfi. "Baba akwai barkwanci! Bismillah, ku shigo, ku shigo." Suka shiga. Baba ya cire takalmi shi ma ya shiga, ya zauna a bencin gaba, daidai ƙarƙashin fanka, ya jingina sandarsa.

Kwansoltan ya kunna furojekta, ya ce baƙi su fara kallon hotuna, ya sunkuya kusa da kunnen Baba. Ina bayansu, na ji komai.

"Baba, don girman Allah."

"Ba komai, ɗana, yi aikinka. In kun gama tambaya ɗaya kawai zan yi a gaban baƙi. Na ji ka ce mai bin bashi shi ne a ƙasa, shi ne nake so su ƙara mini bayani."

Kwansoltan ya ce wa baƙi yana zuwa, minti biyu. Ta taga na hango shi ya nufi wurin Garzali mai cajin waya, wanda ya daɗe yana taya janareton Cibiya, Kwansoltan yana ƙin sayarwa. Ba a yi dogon ciniki ba. Dubu sittin. Sai dai Garzali ya ji labarin faranti ɗari da takwas kamar kowa a layin, saboda haka bai yarda da a bari sai anjima ba. Yana miƙa kuɗi ya zagaya ya zare wayar janareton.

Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Bango ya koma bango. Matar nan mai littafi ta ɗaga kai ta kalli rufi, ta rubuta wani abu.

Kwansoltan ya shigo yana gumi har ta cikin kwat, ya durƙusa gaban Baba yana ƙirga masa a ɓoye, ɓoyon da mutum ashirin da uku ke kallo. Sittin na janareto. Goma sha ɗaya da ɗari huɗu daga aljihu, don ashirin ɗin nan ya taɓa ta ya sayo wa baƙi lemo da ruwan roba. Baba ya ƙirga a hankali, yana lasar yatsa.

"Saura sha biyar, ɗana."

"Baba, gobe."

"To sai in jira. Ba na sauri."

Baba ya kalli injin fotokofi ya girgiza kai, ya kalli takardar shaida a gilashi bai ma tsaya ba. Sai na yi ɗan tari. Da ya waigo na kalli kujerar. Shi ma ya kalle ta.

"Wannan mai juyawar fa?"

Haka Baba Ɗantani ya ɗora kujerar Kwansoltan a ka, ƙafafunta masu taya suna kallon sama, ya yi wa baƙi sallama ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyalansu da mutanen Kano, ya fita. Baƙin ba su shanye lemon ba.

Ranar Juma'a da sassafe a-kori-kura ta tsaya a gaban rumfata. Aka sauke buhu. Na zura hannu cikin shinkafar har gwiwar hannu, na daɗe ban fitar ba. Bayan buhun sai aka sauke kujera.

Baba ya ce, "Na hau ta jiya, jiri take sa ni. Tsohuwar matar tawa ma ta ce ba za ta zauna da abin da ba ya fuskantar waje ɗaya ba. In kina so, sha biyar na karɓe ta."

"Ba ni da sha biyar, Baba."

"Ɗari biyar duk Juma'a."

Na san ba na buƙatar kujera. Na san sati talatin ne. Umma ta ce wannan shi ne bashi mafi wauta da aka taɓa ci a zuriyarmu, kuma gaskiyarta ne. Na buɗe littafina mai manja na rubuta a sabon shafi, ina biya kuma, yau saura sha tara.

Bayan kwana tara Kwansoltan ya dawo rumfata. Mai taliya ba ta ba da bashi, kuma an ce taliyar ba ta karɓe shi ba. An sauke bana, an cire wa injin fotokofi zani gaba ɗaya. Ya tsaya daga bakin rumfa, ɗalibai cike da benci, ya ga inda nake zaune.

"A zuba mini. Da ƙwai."

Na miƙa hannu. Ya laluba aljihu ya fito da ɗari biyar ɗaya, da ɗari biyu, da hamsin-hamsin biyu. Na ce ya dakata. Na jawo buta na wanke hannuna da sabulu, na goge da tsumma yatsa bayan yatsa, sannan na karɓa na ƙirga sau biyu. Na taka ƙasa da ƙafa ɗaya, kujerar ta juya ni wajen tukunya, na ba shi baya, na zuba masa daidai na ɗari takwas.